Fim Ɗin Ƙarshe na Tsaya-Haka

Ranar da na je duba abokina bayan an sallamo shi daga asibiti, ɗakinsa na nufa kai tsaye kamar yadda na saba. Ina ɗaga labule sai na ga jakunkunan mata da takalma jere a kan farin ƙyalle, matar ɗansa ta durƙusa tana ɗaukar su da waya.

"Kawu, sannu da zuwa. Baba yana baya."

"Wane baya?"

"Ɗakin aikinsa. Ya fi sanyi, kuma ka san shi ya saba da shi."

Ni mai hoto ne, shi ma haka. Shekara arba'in shagunanmu suna kallon juna, muna ƙwacen masu ciniki da rana, da yamma mu sha shayi a benci ɗaya. Duk unguwa Tsaya-haka take ce masa, don abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara. Saboda haka na san abin da yarinyar nan take kira ɗakin aiki. Ɗakin duhu ne, inda yake wanke fim. Shi da hannunsa ya toshe tagarsa da bulo don kada ko tsinken haske ya shiga. Ɗakin da aka fitar da shi kuwa yana da babbar taga wadda ya yanka da kansa, inda rana ba ta dukan fuska sai dai ta shafe ta. Hasken tagar nan ne ya yi wa jakunkunan kyau, shi ya sa aka kwashe mai tagar.

Na same shi a kan katifa a ƙasa, tsakanin tsoffin tasoshin wanke hoto. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye gaba ɗaya, baki ya karkace. Magana ta tafi, abin da ya rage masa sauti ɗaya ne: "Ts... ts..." Ya kama hannuna da na hagunsa ya matse. Faranti yana can bakin ƙofa, abincin ya bushe a ciki.

"Me ya sa aka ajiye masa can?"

Tana tsaye a kaina ta ce, "Likita ya ce a riƙa barin shi yana motsa jiki. In aka ba shi komai a baki sai ya sangarce."

Na ɗauko na ba shi. Ya cinye tas, har yana bin cokali da ido. Wallahi ranar ya kamata in tara musu jama'a, amma na ce gidan mutane ne, kuma farkon jinya ne, za su gyara.

Yana da 'ya'ya biyu. Babban, wanda yake zaune a gidan, ma'aikacin ofis ne, kullum da takalmi mai sheƙi. Auta kuwa aiki ya kai ta wata ƙasa mai nisa, kuma ita ce ta uban. Tun yana asibiti ta ce a shirya mata shi ta ɗauke shi, tana da ɗaki da mai kula da shi. Yayan ya ce sam, mutane su ce ya kasa riƙe ubansa? Ba kuma wannan kaɗai ba ne. Gidan na tsohon ne, muddin yana cikinsa babu mai tambayar wa ke kwana a wane ɗaki. Auta ta haƙura da sharaɗi ɗaya: duk Lahadi a turo mata hotonsa, in ta ga ba daidai ba za ta zo ta tafi da shi.

Na taɓa tarar da aikin Lahadin nan. Ɗan da matarsa suka ciccibo shi kamar buhu, suka dasa a kujera gaban tagarsa. Matar ta goge masa fuska da jiƙaƙƙen tsumma. Aka zura masa farar riga a kan wadda ya yi mako a ciki, aka kafa hula. Sannan ta ɗauko tsohuwar kyamararsa ta rataya masa a wuya, wai Auta tana jin daɗi in ta gan ta a jikinsa. Ta ja baya, ta ɗaga waya, tana dariya.

"Tsaya haka, Baba. Tsaya haka."

Mijin ma ya yi dariya. Mutumin da ba ya iya motsi ake ce wa ya tsaya, da kalmarsa.

Ta miƙo mini wayar. "Kawu, duba. Ya fi ka ƙuruciya."

Na duba, na dubi abokina, na sake dubawa. Wayar ta cike masa ramin kunci, ta share baƙin da ke ƙarƙashin ido, ta sa masa sheƙin mai ƙoshi. Bayansa duk ya dusashe, ba ka gane komai sai haske. Ni da na yi shekara arba'in ina gyara fuska da fensir ban taɓa yin ƙarya mai kyau haka ba.

Na ce, "Wannan ba shi ba ne."

"Kai dai Kawu, ku tsofaffin masu hoto ba ku yafe wa waya ba tun da ta kashe muku kasuwa."

In Auta ta kira don ta gan shi yana motsi, wayar haka take shafe shi. Ana riƙe masa ita minti biyu, yana "ts, ts" hawaye na zuba, surukar tana fassara: "Murna yake, yana cewa kin yi ƙiba." Sai a ce layi ba kyau, a kashe.

Da aka gama, suka mai da shi duhu da kyamarar a wuyansa, don babu mai son ɓata lokacin cirewa. A wurinsu ƙarfe ne kawai. Ba ta da batir, ba ta haske, ba ta nuna komai a baya, to ta mutu ke nan.

Amma irin wannan kyamara ba ta cin batir. A samanta akwai 'yar taga mai nuna lambar hoton da aka kai, kuma idon mai hoto can yake fara sauka ko bai yi niyya ba. Zuwana na farko lambar tana huɗu. Na san da fim a ciki, don a shagona ya saya kwana biyu kafin ya faɗi. Mako uku bayan haka na duba, sai na ga tara.

Na dube shi. Ya dubi ƙofa, surukar ta juya tana amsa waya. Sai ya nuna mini. Ita kyamara don hannun dama aka yi ta, maɓallin dannawa da hannun jan fim duk a dama suke, shi kuwa damansa ta mutu. To sai ya kifa ta a ƙirji, kanta ƙasa, maɓallin ya dawo hagu. Ya tokare ta da haɓa, ya ja fim da babban yatsa, a hankali, yana nishi. Ya jira hasken da ke shigowa ta ƙofar da aka bari a buɗe saboda ni. Ya riƙe numfashi. Ƙyat. Ya ɗauki ƙafafunsa, waɗanda suka koma kamar sandar tsintsiya, da gyambon da ya fara ci a diddige.

Surukar ta jiyo ƙarar ta leƙo. "Baba da wasansa. Ƙyale shi Kawu, yana ɗebe masa kewa."

Na fita na tsaya a bakin titi na yi kuka, tsoho da ni.

Daga nan duk zuwana lambar sai ta ƙaru, shi kuma ya ragu. Goma sha huɗu, na tarar da bokitin bayan gida kwana biyu ba a zubar ba. Surukar ta ce ruwa aka ɗauke. Ashirin, na juya shi na ga bayansa ya tsage wuri uku, zanin katifa ya manne da miki. Ɗan ya ce ai haka ciwon yake, ko a asibiti ana yi. Ashirin da biyar, na ga an sa wa ƙofar sakata ta waje; wai yana jan jiki ya fito tsakar gida lokacin da masu sayen jaka suka zo, kada ya ji ciwo. Kowace tambaya da amsarta a shirye, a goge, kamar takalmin maigidan.

Na kira Auta da 'yar wayata mai maɓalli, na faɗa mata komai. Ta ce, "Kawu, jiya-jiyan nan na ga hotonsa. Har ya yi kumatu."

"Wayar ce ta yi masa kumatun."

"To ka ɗauko mini naka in gani."

A nan girman kaina ya kama ni. Shekara da shekaru ina cika baki a benci cewa ba zan taɓa riƙe wayar hoto ba, wai abin wasan yara ce, wanda ya san aiki da kyamara yake yi. Ga shi abin wasan yaran zai kai gaskiya wata ƙasa kafin in rufe baki, ni kuwa ba ni da shi. Tawa kyamarar kuma ba ta ɓuya a aljihu. Ranar da na shiga da ita, surukar ta tare ni a zaure ta ce ba a ɗaukar hoton mara lafiya, cin mutunci ne.

Na ce to a ba ni ta Tsaya-haka in goge mata ƙura. Ta ce, "Maigidan ya ce ko allurar Baba kada ta fita daga gidan nan. Ana gadon mutum yana raye?" Naɗe fim a cire shi ba ya wuce minti ɗaya, amma yana yin ƙara, ita kuma tana tsaye a kaina. Na ce a raina mako mai zuwa zan sami sarari. Lambar tana ashirin da tara.

Mako mai zuwan bai zo ba. Auta ta tambayi yayanta abin da na faɗa, shi kuwa ya zo har shagona, ya gaishe ni da ladabi, ya ƙi zama.

"Kawu, muna ganin girmanka. Amma kai minti talatin kake yi ka tafi, mu muke kwana da shi. Ka san wahalar jinya? Matata ta bar komai nata saboda Baba. In kyamarar kake so, ka fito ka faɗa, ba sai ka haɗa ni da ƙanwata ba."

Washegari na sayi wayar hoto. Na zauna na koyi yadda ake kashe gyaran fuskar, ashe ana kashewa, maɓalli ɗaya ne. Na tafi gidan da ita a aljihu. Aka ce Baba na barci. Na koma, aka ce likita ya hana baƙi. Na sake komawa, ba a ma buɗe ba. Wata biyu ina zarya, ina jin rediyo a ciki.

Sai ga Auta ta zo, hutun kwana biyu. Maganata ta tsaya mata a rai, ta ce za ta gani da idonta, in gaskiya ne da shi za ta koma. Ita ta aiko a kira ni, don haka ba su da halin hanawa.

Na shiga na ga abin mamaki. An kwashe jakunkunan, an kafa gado a gaban tagar, da sabon zani da turare. Abokina yana jingine da filo uku, riga mai dogon hannu har wuyan hannu, safa a ƙafa, kyamara a ƙirji. Auta tana gefensa idonta ya yi ja, don babu wayar da za ta shafe mata shi yanzu. Fata ce da ƙashi.

Yayan yana cewa, "A makon nan ne ya zube haka. Tun da ya ji za ki zo ya ƙi abinci, ɗoki. Ki duba hotunan baya mana."

Na ce, "Auta, je ki duba ɗakin baya."

Ta je ta dawo. Jakunkuna ne da takalma a ciki har sama, an wanke ƙasa, an cire sakata.

"To a ɗaga rigarsa ki ga bayansa."

Yayan ya miƙe. "Kawu, tsiraicin uba za ka nuna wa 'yarsa? A gidan nan ba za a tuɓe Baba a gaban mutane ba."

Auta ta sunkuyar da kai. Ta dube ni, ta dubi yayanta, ba ta san wa za ta kama ba. A lokacin ne Tsaya-haka ya fara kokawa da igiyar wuyansa. Ya cire ta da ƙyar, ya tura kyamarar kan cinyar 'yarsa, yana buga samanta da yatsa. Na leƙa. Talatin da shida. Ya cika fim ɗin, ya jira.

Na ce, "Shaidarsa ke nan. Duk abin da aka yi masa yana ciki, shi ya ɗauka da hannunsa. Ba ni in wanke yau, gobe da safe ki gani kafin ki tafi."

Auta ta ɗaga za ta miƙo mini. Yayan ya riga ni, ya karɓa yana murmushi.

"Wannan tsohon ƙarfen? Bari mu ga ko da wani abu a ciki ma."

Duk yaron da ya tashi a gidan mai hoto ya san abu ɗaya tun kafin ya san karatu: ba a buɗe bayan kyamara da fim a ciki. Haske yana taɓa shi ya ƙone. Shi wannan ɗin, a gabana ubansa ya murɗe masa kunne kan haka yana ɗan shekara tara. Kada wani ya ce mini mantuwa ce. Ya taka har gaban tagar da uban ya yanka, ya sa farce ya ja makullin.

"Tsaya!"

Daga gado muryar ta fito, cikakkiya, irin ta da. Wata bakwai bai haɗa kalma ba sai ranar. Murfin ya riga ya buɗe, ɗan yana riƙe da ita a cikin haske yana leƙawa kamar mai neman ƙwaro.

Surukar ta dafa ƙirji. "Baba ya yi magana. Auta, kin ji? Baba ya yi magana."

Auta ta faɗa kan ubanta tana kuka tana dariya, tana gode wa Allah. Yayan yana cewa, "Kin gani ko? Sauƙi ne ke zuwa. Likita ya ce in aka ɗaga shi daga inda ya saba, komai zai koma baya." Na fizge kyamarar na rufe. Babu wanda ya hana ni fita da ita yanzu. Tsaya-haka bai dubi kowa ba, silin yake kallo, bakinsa a buɗe.

Da yammar na wanke fim ɗin. Na san fim yana naɗewa ne kamar zare a jikin sanda, na farko a can ciki, na ƙarshe a waje, saboda haka wani lokaci na cikin yakan tsira. Ya kuwa tsira. Daga na shida har na talatin da shida baƙi ƙirin, ba ƙafa, ba bokiti, ba sakata. Huɗun farko suka fito tas, waɗanda ya ɗauka yana da lafiya, kwana biyu kafin ya faɗi. Surukarsa ce a gaban tagar, tana miƙo masa kofin shayi tana dariya. A ɗaya mijin ya dafa kafaɗarta. Hasken ya kwanta a fuskarsu yadda shi kaɗai ya iya. Ban taɓa ganin aikinsa mai kyau kamar su ba, kuma na tsane su.

Na biyar rabi ne ya tsira: gefen faranti a ƙasa, da kan yatsu uku na hannun da ya shanye, a miƙe, ba su kai ba.

Da safe Auta ta biyo ta shagona da jakarta a mota. Na so in ce duk sun ƙone, amma ban iya yi mata ƙarya ba. Ta daɗe tana kallon huɗun nan, tana share ido.

"Kawu, dubi yadda yake kallonta. Mutum ba ya ɗaukar wanda ke cutarsa haka."

"Kafin ya kwanta ne. Dubi na biyar."

Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa. "Faranti ne kawai, Kawu." Ta riƙe hannuna. "Na san kana son shi. Ka daina sa wa ranka damuwa, jiya ka ji ya yi magana. Ka riƙa leƙa shi."

Ta ɗauki huɗun ta sa a jaka, ta bar mini na biyar a kan kantar shago.

Kafin la'asar maƙwabta sun ga ana fito da gado daga ɗakin taga. Na je Litinin, aka ce yana barci. Na je Laraba, na buga har hannuna ya yi zafi. Kwana goma sha tara bayan tafiyar Auta, aka aiko mini cewa Tsaya-haka ya rasu. Waɗanda suka shiga ɗauko shi sai da suka kunna fitilar waya, tsakar rana.

Yanzu in ka shiga falon gidan za ka ga hotuna biyu a bango. Ɗaya na waya ne, tsoho mai kumatu da kyamara a wuya. Ɗayan na surukar ne da kofin shayi, Auta ce ta sa aka faɗaɗa shi ta aiko mata don godiya. Duk baƙon da ya zo sai an nuna masa, a ce Baba ne ya ɗauka da hannunsa, ka ga irin zaman da aka yi. Jakunkuna sun koma gaban taga, kuma an ce kasuwa tana kyau.

Masu zama a bencina har yau suna gardama, wai tsakanin waya da kyamara wacce ta fi faɗin gaskiya. A da ni nake fin kowa ɗaga murya, yanzu ba na sa baki. Wayar da na saya tana aljihuna, gyaran fuskarta a kashe. Hoto ɗaya ne a cikinta, na ƙofar gidansu a rufe, kuma ya fito sosai.